Yadda ake mayar da laftof daga Windows 11 zuwa Windows 10 ba tare da an rasa lasisi ba

Masu karatu daga Sakkwato sun yi ta aiko da tambaya iri ɗaya. Wasu ɗalibai ne a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wasu masu shagon buga takardu, wasu ma'aikatan ofis. Laftof na ɗauke da Windows 11, ta yi nauyi, ko tsohuwar firinta ta ƙi aiki da ita, ko manhajar lissafin kuɗi da aka saba da ita ta daina buɗewa. Suna son komawa Windows 10, amma suna tsoron kada fayiloli su salwanta, kada kuma a gama a ga rubutun Activate Windows ya fito a ƙasan allo.

Aikin yana yiwuwa a yawancin laftof. Inda ake tafka asara shi ne a fara goge diski, sai daga baya a tuna da lasisi da direbobi. Don haka matakai bakwai na farko a nan duk ana yin su ne kafin a goge komai.

Ka sani tun yanzu cewa kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025. Yana nan yana aiki, amma gyaran ɓarakar tsaro ba ya zuwa masa sai ga wanda ya shiga wani tsari na musamman, wanda bayaninsa ke mataki na 11.

Kayan aiki da abin da za a kashe

Filashi mai giga 8 ko fiye, wanda babu komai a cikinsa. Diski na waje ko wani filashin daban na kwashe fayiloli. Data kamar giga 10, domin fayil ɗin Windows 10 shi kaɗai ya kusa giga 6, sauran kuma na direbobi da sabuntawa ne. Datar dare ta fi sauƙi ga wannan. Caja mai lafiya da wutar da za ta ɗauki awa uku ba yankewa, ko sola, ko inbata, ko janareto. Idan lasisinka na gaskiya ne, ba za ka biya ko kwabo a kan lasisi ba.

1. Tabbatar Windows 11 ne ke da laifin

Da yawa daga cikin laftof ɗin da ake kai wa masu gyara ana cewa "Injiniya, tun da anka sa mata wagga sabuwa ba ta motsi", matsalarsu ba ta Windows ba ce. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance. Idan diskin HDD ne kuma yana tsaye a kashi 100, ko RAM ɗin giga 4 ne kacal, Windows 10 ma zai yi ta jan ƙafa. Maganin wannan SSD ne da ƙarin RAM. Ka duba fanka kuma. Ƙurar hunturu tana toshe ta, sai zafin Afrilu, da kan haura digiri 40 a Sakkwato, ya tarar da ita a toshe, firosesa ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone.

Idan manhaja ɗaya ce ta ƙi, danna-dama a kanta, ka shiga Properties, sai Compatibility, ka zaɓi Windows 7 ko 8, ka gwada. Sau da yawa aikin ya ƙare a nan.

Dalilin da ya fi ƙarfi shi ne laftof ɗin da aka ɗora wa Windows 11 da ƙarfin tsiya. Windows 11 yana buƙatar TPM 2.0, wato wani sashen tsaro da ke cikin kwamfuta, sannan idan firosesan Intel ne, sai zubi na 8 zuwa sama. Lambar da ke bayan layi ita ke nuna zubin: i5-6300U na 6 ne, i5-8250U na 8, i5-1135G7 na 11. HP EliteBook 840 G3, Dell Latitude E7470 da Lenovo ThinkPad T460, waɗanda suka cika shagunan gwanjo, duk zubi na 6 ne. Idan ka ga Windows 11 a kansu, tsallake shingen aka yi. Wani dalilin kuma shi ne na'ura ko manhajar da ke buƙatar Windows mai bit 32, wanda Windows 11 ba shi da shi sam.

2. Duba irin lasisin da ke cikin laftof ɗin

Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta winver, danna Enter. Ka rubuta abin da ka gani a takarda: Home ne, Home Single Language, ko Pro.

Sai ka buɗe Command Prompt a matsayin Administrator ka rubuta:

slmgr /dli

Ƙaramin akwati zai fito. Layin Description shi ne abin dubawa. OEM_DM na nufin lasisin daga masana'anta yake, an dasa shi a cikin bod, wato motherboard. Nata ne har ta mutu, ba a ɗauke shi a kai wata kwamfutar. RETAIL na nufin ko dai wanda aka saya daban, wanda ake iya mayarwa wata kwamfuta muddin an cire shi daga ta farko, ko kuma lasisin dijital da Microsoft ya ɗaure da bod ɗin. Idan haruffa biyar na ƙarshe 3V66T ne ko 8HVX7, lambar gama-gari ce, kwafe ta ba ya amfanin komai, ainihin lasisin yana can a sabar Microsoft. VOLUME_KMSCLIENT kuwa na ma'aikatu ne, yana ƙarewa duk kwana 180 sai an sabunta. Idan ka gan shi a laftof ɗinka ta gida, kusan ko yaushe kirak ne aka sa, kuma ba zai biyo ka ba bayan fomatin.

Yanzu buɗe PowerShell, shi ma a matsayin Administrator:

Get-CimInstance SoftwareLicensingService | Format-List OA3x*

Wannan zai fito da lamba mai haruffa 25 da ke cikin bod, idan akwai, tare da irinta. Professional shi ne Pro, Core shi ne Home, CoreSingleLanguage shi ne Home Single Language. Ɗauki hotonta da waya.

Gargaɗi: abin da ya fi faruwa shi ne bod na ɗauke da Home na gaskiya, amma mai shago ya ɗora Pro da kirak don ta yi daraja a idon mai saye. Abin da ke cikin bod shi ne naka. Shi za ka ɗora, ba abin da winver ya nuna ba.

3. Fahimci abin da lasisin ya halatta

A nan ake yawan cakuɗa abu biyu. Lasisi ya kama, wannan aikin na'ura ne. Yarjejeniya ta ba ka izini, wannan kuma magana ce ta haƙƙi. Ba kullum suke tafiya tare ba.

Idan laftof ɗin da Windows 10 ta fito daga masana'anta, kamar yawancin na gwanjo, daga baya aka ɗaga ta zuwa 11, babu wata muhawara. Abin da aka saya tun asali kake komawa.

Idan da Windows 11 Pro ta fito, yarjejeniyar ta ba da damar amfani da Windows 10 Pro a madadinsa, da sharuɗɗa. Pro zuwa Pro ne kawai. Ba a amfani da su biyun a lokaci guda da lasisi ɗaya. Ba dole ba ne Microsoft ko masana'anta su ba ka fayil ɗin ɗorawa. Kana iya komawa 11 duk ranar da ka so. Sharaɗin da mutane ba su karantawa shi ne an ɗaure damar da tsawon lokacin da Microsoft ke tallafa wa tsohon Windows ɗin, ga shi kuma tallafin gama-gari ya ƙare a Oktoban 2025. Ofis, makaranta ko ƙungiyar da masu binciken kuɗi ke duba wa kaya, su nemi bayani a rubuce daga wanda ya sayar musu kafin su taɓa ko da ɗaya.

Idan da Windows 11 Home ta fito, yarjejeniyar ba ta ƙunshi wannan damar ba. A aikace lambar cikin bod takan kama a Windows 10 Home, domin 10 da 11 lambobi iri ɗaya suke amfani da su, amma kamawar ba ta mayar da shi haƙƙin da aka rubuta maka ba. Kowa ya san wannan kafin ya yanke shawara.

Kwamfutar ma'aikata mai lasisin Volume tana da damar komawa baya fiye da ta kowa, sai dai lasisin na ma'aikatar ne, sashen kwamfutarsu ne ke da ikon yin aikin. Za ka iya karanta taka yarjejeniyar a fayil ɗin license.rtf da ke cikin C:\Windows\System32.

Gargaɗi: Microsoft ya daina sayar da Windows 10 a shafinsa tun 31 ga Janairu 2023. Farashin Windows 11 Home a wurinsa dala 139 ne, Pro dala 199, ɗagawa daga Home zuwa Pro dala 99. Duk wanda ya ce zai ba ka lambar Pro da kuɗin katin waya, galibi lambar wata ma'aikata ce aka sayar wa mutum barkatai, kuma ana iya toshe ta ko yaushe. Haka nan idan aka ce za a sa maka LTSC, wani nau'in Windows 10 na daban, saboda tallafinsa ya kai 2027 ko 2032. Gaskiya ne ya kai, amma lambar Home ko Pro ba ta kama shi, na kamfanoni ne da na'urori na musamman.

4. Idan ba a cika kwana 10 ba, ga hanya mai sauƙi

Wanda ya ɗaga daga 10 zuwa 11 kwanan nan ba ya buƙatar filashi. Shiga Settings, System, Recovery, danna Go back. Fayilolinka za su zauna, amma manhajojin da ka ɗora bayan ɗagawar sai ka sake su. Jona caja kafin ka fara, kuma ka tabbata kana tune da kalmar sirrin da kake shiga Windows 10 da ita.

Wannan hanyar ta dogara da fodar Windows.old da ke cikin C. Idan an share ta don neman fili, ko kwana 10 sun wuce, maɓallin zai dushe. Mai son ƙarin lokacin gwaji zai iya tsawaita wa'adin zuwa kwana 60 tun bai ƙare ba, ta hanyar rubuta wannan a Command Prompt na Administrator:

DISM /Online /Set-OSUninstallWindow /Value:60

Idan Go back ya yi maka aiki, tsallaka zuwa mataki na 11. Sauran kowa sai ɗorawa daga tushe, kuma wannan yana cinye duk abin da ke cikin C. Ko ka buɗe fayil ɗin Windows 10 daga cikin Windows 11, zaɓin da zai ba ka shi ne kada a ajiye komai.

5. Kwashe fayiloli, ka duba BitLocker

Kwafe Desktop, Documents, Downloads, Pictures da Videos zuwa diskin waje. Waɗannan kowa na tunawa. Waɗanda ake mantawa su ne bayanan manhajar lissafin shago, fayilolin Outlook, tarin madogara na Zotero ko Mendeley ga mai rubuta kundin digiri, salon haruffan da mai zane ya tara don CorelDRAW, da kalmomin sirri da ke ajiye a Chrome. Wasu daga cikinsu suna cikin fodar AppData, wadda a ɓoye take. Rubuta %appdata% a akwatin Run (maɓallin Windows tare da R) ka gan ta.

Fayil ɗin OneDrive mai alamar gajimare ba ya kan diskinka, sunansa kawai ke nan. Sai mai alamar kore ne ya sauka. Office kuma, idan na gaskiya ne, yana ɗaure da asusun Microsoft ɗinka. Tabbatar kana iya shiga asusun daga waya kafin ka ci gaba.

Gargaɗi: ajiye fayiloli a D ba kwashewa ba ne idan C da D a diski ɗaya suke. Kuskure ɗaya a mataki na 9 zai tafi da su duka. Bayan ka gama kwafa, jona diskin wajen a wata kwamfuta ka buɗe fayil biyar ko shida ka ga suna buɗewa.

Sannan rubuta wannan a Command Prompt na Administrator:

manage-bde -status

Laftof da yawa masu Windows 11 suna kulle diski da BitLocker mai su bai sani ba. Idan ka ga a kulle yake, fito da lambar buɗewa mai alƙaluma 48:

manage-bde -protectors -get C:

Ka maimaita wa D. Idan ka goge C alhali D na kulle kuma ba ka da lambarsa, babu mai gyaran da zai buɗe maka shi. Ko canza saiti a BIOS, wato allon saitin bod da ake shiga kafin Windows ya tashi, na iya sa kwamfutar ta nemi wannan lambar. Ana samunta kuma a asusun Microsoft da aka shiga kwamfutar da shi.

6. Tara direbobi tun intanet na aiki

Juya laftof ɗin ka karanta Service Tag idan Dell ce, ko lambar siriyal idan HP ce ko Lenovo. Shiga shafin tallafi na kamfanin, sa lambar, ka duba jerin Windows da suke ba wa direba. Idan babu Windows 10 a jerin, shawararmu ka tsaya a nan. Kana iya gamawa ka tarar babu sauti, ko kyamara, ko wurin shafa yatsa (touchpad) ya mutu. Laftof mai firosesan Snapdragon ba ta karɓar Windows 10 na yau da kullum kwata-kwata. Masu Intel zubi na 12 zuwa sama suna ɗauka, amma Windows 11 ya fi iya raba aiki tsakanin manya da ƙananan ƙwayoyin firosesansu, don haka komawa baya ba zai ƙara musu gudu ba.

Sauke direban Wi-Fi da na chipset da na hoto da na sauti da na wurin shafa yatsa. Idan zubi na 11 ce zuwa sama, haɗa da Intel Rapid Storage Technology, ka warware shi a foda. Don ƙarin kariya, kwashe direbobin da ke aiki yanzu. Ƙirƙiri foda mai suna Direbobi a diskin waje, mu ce harafinsa E, sannan ka rubuta wannan a Command Prompt na Administrator:

pnputil /export-driver * E:\Direbobi

Yawancinsu suna aiki a Windows 10, ko da yake ba duka ba.

7. Haɗa filashin

Daga shafin Microsoft na sauke Windows 10 kaɗai za ka ɗauko. Idan da kwamfuta mai Windows ka shiga, zai ba ka Media Creation Tool, wanda ke saukewa ya haɗa filashin da kansa. Idan da waya ka shiga, zai ba ka fayil ɗin ISO kai tsaye, amma mahaɗin awa 24 yake yi ya mutu. Fitowa ta ƙarshe ita ce 22H2. Zaɓi bit 64, sai fa idan bit 32 ne dalilin aikin, shi kuma ba ya amfani da RAM fiye da kusan giga 4.

Mai ISO zai yi amfani da Rufus, manhajar da ke ɗora fayil ɗin a kan filashi. Buɗe msinfo32 ka duba layin BIOS Mode. Idan UEFI ne, zaɓi GPT a Rufus. Idan Legacy ne, zaɓi MBR. Rufus zai goge filashin tas, don haka kada ya zama shi ne mai ɗauke da fayilolinka. Bayan ya gama, kwafa fodar Wi-Fi da ta Rapid Storage a cikinsa.

Gargaɗi: guji Windows ɗin da ake yawo da shi a filashi ana cewa an rage masa nauyi ko ya zo da lasisinsa. An cire masa sassan tsaro, kuma ba ka san me aka cusa a ciki ba, ga shi a kansa za ka buɗe manhajar banki. Filashin jabu ma matsala ne. Idan ɗorawa ta tsaya a tsakiya da lambar 0x8007025D, fara da canza filashi da ramin da ka jona shi.

8. Shiga BIOS ka tashe ta daga filashi

Yi aikin da safe ko bayan la'asar, a kan tebur, ba a kan katifa ko darduma ba. Batir ya cika, caja a jone. Zare diskin wajen ka ajiye shi nesa.

Kunna ta kana danna maɓallin zaɓen tashi: F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo da Acer, Esc a Asus. Shiga BIOS kuwa F10 ne a HP, F2 a Dell da Acer da Asus, F1 a ThinkPad. A wasu Acer sai ka fara kunna F12 Boot Menu a cikin BIOS. Idan filashin ya fito sau biyu a jeri, zaɓi mai UEFI a gaban sunansa. Filashin da aka haɗa daga fayil na asali yana tashi ko da Secure Boot a kunne, idan ya ƙi ne za ka kashe shi, ka mayar bayan an gama.

Gargaɗi: laftof ɗin gwanjo da ta fito daga wani kamfani a Turai ko Amurka takan zo da kalmar sirri a BIOS. Gwada shiga tun kafin ranar aikin. Kada kuma ka sabunta BIOS a rana irin wannan. Wuta ta ɗauke a tsakiyarsa, bod ne ke tafiya.

9. Ɗora Windows 10

Zaɓi harshe, danna Install now. A yawancin laftof ba zai tambaye ka lamba ba, zai karanta ta cikin bod ya zaɓi Home ko Pro da kansa. Idan ya tambaya, danna I don't have a product key, sannan ka zaɓi daidai irin da ka rubuta a mataki na 2. Home da Home Single Language ba ɗaya ba ne.

Zaɓi Custom. Nan ne wuri mafi haɗari a duk aikin. Za ka ga jerin ɓangarori, kowanne da girmansa. Babu C ko D a nan, da girma za ka gane su. Idan ka kwashe komai, goge duk ɓangarorin Drive 0 ɗaya bayan ɗaya har ya zama Unallocated Space guda, ka zaɓe shi, ka danna Next. Idan kana son D ya tsira, goge babban ɓangaren Windows da ƙananan System da MSR da Recovery kawai. Laftof mai diski biyu za ta nuna Drive 0 da Drive 1, kuma Windows na iya kasancewa a kan kowanne, don haka ka gane nasa da girma, ɗayan kuma kada ka taɓa shi. Ka sani kuma goge Recovery na nufin hanyar masana'anta ta mayar da kwamfutar yadda ta zo ta tafi.

Matsala biyu ke tsayar da mutane a nan. Ta farko, jerin ya fito fayau babu diski ko ɗaya. Diskin bai mutu ba, fasahar VMD ce ta Intel zubi na 11 zuwa sama. Danna Load driver, nuna masa fodar Rapid Storage, diskin zai bayyana. Ta biyu, saƙon cewa ba za a iya ɗorawa ba saboda diskin GPT ne ko MBR. Wannan na nufin yadda ka tashi filashin bai dace da diskin ba. Koma ka zaɓi UEFI, ko ka goge ɓangarorin duka idan babu abin da kake so a ciki.

A SSD kwafar ba ta cika wuce rabin awa ba. Da ta sake tashi karon farko, zare filashin, in ba haka ba za ta mayar da kai farko.

Wajen saiti, zaɓi Nigeria. Dubi kibod ɗinka: idan alamar @ tana kan lamba 2, US ne, idan tana kusa da Enter, United Kingdom ne, kamar yadda na Ingila suke zuwa. Kuskure a nan yana sa mutum ya ƙirƙiri kalmar sirri da alamar da ba ita yake nufi ba. Mai son asusu na cikin kwamfuta kawai ya danna I don't have internet, sai Continue with limited setup.

Gargaɗi: idan ka jona intanet sai ga sunan wani kamfanin waje yana neman imel ɗin ma'aikacinsa, laftof ɗin na rajiste ne a tsarin Autopilot na wannan kamfanin. Fomatin ba ya cire shi, su kaɗai ke iya cirewa. Mayar wa wanda ya sayar maka.

10. Direbobi, agogo, sannan lasisi

Fara da chipset, sake tashe ta, sai Wi-Fi, sai hoto, sai sauran. Idan Wi-Fi ya ƙi, jona wayar Android da kebul ka kunna USB tethering, galibi ba ya neman direba. Buɗe Device Manager ka nemi alamar rawaya. Don ɗora waɗanda ka kwashe gaba ɗaya, jona diskin wajen ka rubuta wannan a Command Prompt na Administrator:

pnputil /add-driver E:\Direbobi\*.inf /subdirs /install

Gyara agogo kafin ka duba lasisi. Yankinmu shi ne West Central Africa. Tsohuwar laftof da ƙaramin batirin bod ɗinta ya mutu takan koma wata shekara can baya, kuma da kwanan wata na kuskure sabar Microsoft ba ta amsawa.

Shiga Settings, Update & Security, Activation. Cikin 'yan mintuna da jona intanet ya kamata ka ga lasisi ya kama. Idan bai kama ba, lambar kuskuren za ta gaya maka dalili. 0xC004F210 na nufin irin Windows ɗin bai dace da lambar ba, misali Pro a kan lambar Home, sai an sake ɗora wanda ya dace. 0x803F7001 na nufin ba a ga lasisi ba, danna Troubleshoot, ko ka shiga Change product key ka rubuta lambar da ka ɗauki hotonta. 0xC004F074 na nufin yana neman sabar ma'aikata, alamar filashin da aka yi amfani da shi ba na asali ba ne ko lambar ta Volume ce.

Lambar Windows 7 ko 8 da ke kan sitika a ƙarƙashin laftof ta daina kama Windows 10 tun Satumban 2023. Amma idan an taɓa ɗaga wannan laftof ɗin zuwa 10 kafin lokacin, lasisin dijital ɗinta yana nan, zai kama da kansa.

11. Hana ta komawa 11, ka nemi gyaran tsaro

Laftof da ta cika sharuɗɗa za ta fara yi maka tayin Windows 11. A Home, danna Stay on Windows 10 for now duk lokacin da ya fito. A Pro, buɗe gpedit.msc, bi Computer Configuration, Administrative Templates, Windows Components, Windows Update, Windows Update for Business, ka buɗe Select the target Feature Update version, ka rubuta Windows 10 a akwatin farko da 22H2 a na biyu. Mai amfani da datar waya ya kunna Metered connection a saitin Wi-Fi, amma sai bayan ya bar sabuntawar farko ta gama sauka.

Gyaran tsaro yana zuwa ne ta tsarin ESU (Extended Security Updates), wato ƙarin wa'adin gyaran tsaro. Ga mutum ɗaya, wa'adin da Microsoft ya sanar a 2025 zuwa 13 ga Oktoba 2026 ne, yana buƙatar 22H2 da aka sabunta da kuma asusun Microsoft. Za ka ga Enroll now a shafin Windows Update. Ana shiga ta hanyar biyan dala 30, ko maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko kyauta idan ka yarda a ajiye saitinka a asusun. Rajista ɗaya tana ɗaukar kwamfuta har 10. Ma'aikatu nasu daban ne: dala 61 kowace kwamfuta a shekarar farko, yana ninkawa duk shekara, har shekara 3. Kwamfutar da ba ta cikin ESU bai kamata a riƙa shiga banki ko ajiye bayanan kwastomomi da ita ba.

Masu tambayar Windows 7

Amsarmu a'a ce, sai a kwamfutar da ba za ta taɓa intanet ba. Tallafinsa ya ƙare 14 ga Janairu 2020, na 8.1 kuma 10 ga Janairu 2023, kuma damar komawa gare su da ke cikin lasisin Windows 10 Pro ta ƙare tare da su. Chrome ya daina sabunta kansa a kansu. Intel zubi na 7 zuwa sama da AMD Ryzen ba su da tallafinsa, kuma fayil ɗin ɗorawarsa bai san USB 3.0 ko diskin NVMe ba, shi ya sa maus da kibod na waje ke mutuwa a allon farko. Idan wata na'ura ce ta tilasta, a ware mata tsohuwar kwamfuta mai sitikarta ta asali.

Idan mai gyara za ka kai wa

Kafin ka hau kabu-kabu, yi mataki na 2 da na 5 da hannunka. A shagon, ku yi ciniki a kan abin da kuɗin ya ƙunsa: ɗorawa kawai, ko har da direbobi da kwashe fayiloli. Ka faɗa masa a fili: "Malam, akwai lasisi cikin bod, Home ne, shi nake so, kada a sa mini kirak." Idan ya gama, kada ka karɓa sai ka rubuta slmgr /xpr a gabansa. Lasisin da ya zauna zai nuna permanently activated, wanda aka yi wa dabarar KMS, wato kirak ɗin da aka ambata a mataki na 2, kuma zai nuna ranar ƙarewa. Ka haɗa da slmgr /dli ka ga ko haruffa biyar na ƙarshe sun yi daidai da hoton da ke wayarka, ko ɗaya daga cikin lambobin gama-garin nan biyu. Sannan ka gwada sauti, kyamara, Wi-Fi, maɓallan hasken allo da firintar da ta jawo aikin, tun kana cikin shagon.